Had-dis ɗin Kamalu

Shekara huɗu da rasuwar Kamalu, fuskarsa ta fara ɓace wa mahaifiyarsa, Gwaggo Hussaina. In ta rufe ido sai ta ga tsayinsa, ta ga hularsa a karkace, fuskar kuwa ko oho. Wayarsa ta salwanta a hatsarin motar. Abin da ya rage tsohuwar laftof ɗinsa ce, wadda ko ƙyaftawa ba ta yi.

Ta naɗe ta a zani, ta hau mota daga Paiko, sai shagon Irimiya mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari.

"Mama, wannan ya mutu," in ji Irimiya. "Amma had-dis, inda hotuna suke, ƙila yana da rai."

Ya kwance ta, ya zaro wani ɗan ƙarfe kamar gwangwanin kifi. To ga had-dis, ina adaftar da za ta jona shi da wata kwamfutar? Ta farko bakinta bai shiga ba. Ta biyu ta shiga, wuta ta yi kaɗan. Bawan Allah sai da ya zazzage durowa uku kafin ya samo mai igiya biyu. Yana sokawa abin ya fara ɗan gurnani.

Sai hotuna suka bayyana a kwamfutar shagon. Ga bikin Rukayya ƙanwar Kamalu, ga Sallah, ga ranar suna. Kowa ya fito, har akuyar maƙwabta, ban da Kamalu. Ai shi ke riƙe da kyamarar! Gwaggo ta ji kamar ta ɗora hannu a ka.

A bidiyon ƙarshe ta ga kanta a tsakar gida tana tankaɗe. Sai ga muryar Kamalu tar.

"Inna, ɗago ki kalle ni mana. Inna!"

Matar cikin bidiyon ta ja mayafi, ta juya baya. Ɗan fari ne. A gidansu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta amsa masa a gaban mutane. Kunya ce, haka ta taras. Wallahi ranar dariya take yi a bayan mayafin, amma ina ya sani?

"Ɗana, mayar da shi baya," ta ce.

Irimiya ya mayar.

"Inna!"

"Na'am, Kamalu," ta amsa da ƙarfi, har telan shagon gefe ya leƙo. "Na'am. Ga ni, ina kallo."