Wuta-wuta a Hantar Bube

Likita ya ɗaga haɓar Bube, ya juya fuskarsa wajen taga, ya daɗe yana dubawa. Maimuna, matar Bube, tana tsaye a bayan kujera, ta kuwa san abin da yake kallo. Idon dama ya rine ya yi ruwan ɗorawa, na hagu kuwa fari tas, sai ƙyalli yake yi. Na hagun na gilashi ne. Shekarun baya aka cire na ainihin a wani asibitin ido a Kaduna, saboda wani baƙin tsiro da ya fito a cikinsa.

"Baba, kwanta in taɓa cikin," in ji likita.

Bube ya kwanta. Mutumin da a da yakan saɓi damin dawa kamar wasa, ga shi ya koma ƙashi da fata, sai ciki a gaba. Likita ya danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ya dakata, ya sake dannawa. Asibitin sabo ne fil, cikin waɗanda sabuwar jiha ta gina da arzikin mai, ko warin fenti bai bar bango ba.

"Ciwon idon nan ne ya dawo," ya ce a hankali. "Ya sauka a hanta."

Ita Maimuna ba a san ta da haɗiye magana ba, ko a gidan makoki sai an taɓa ta take shiru. "Likita, wane ido kuma? Ido ai an cire shi. Malam, maigidan ga nawa, ya roƙa sunka ba shi cikin kwalba, ni da hannuna na naɗe shi a farin ƙyalle, ya kai bakin gona ya rufe, yadda aka yi wa naman ɗan Adam. Abin da ke cikin ƙasa, ina ya ga hanyar hanta?"

Likitan ɗan garin Jabo ne, ya yi karatu a Zariya amma bai manta fartanya ba. Ya ja kujera ya zauna.

"Inna, kun san wuta-wuta?"

"Wa bai san ta ba," in ji Bube daga kwance. "Mai furen ga da ke kashe dawa."

"To, irinta yakan yi shekaru kwance a ƙasa ba ya motsi. Ranar da aka shuka dawa, saiwar dawar ce da kanta ke fitar da abin da ke tashe shi. Haka wannan ciwo. Tun kafin a cire idon, ƙananan 'ya'yansa sun bi jini sun kwanta a hanta. Shi kuma jiki yana da wani sinadari da yake aika wa nama ya ce masa tsiro. Da shi rauni ke warkewa, da shi yaro ke girma. Yanzu masana suka fara gano shi, ana kuma zaton ciwon ma yana jin wannan kira, sai ya amsa."

"Magani fa?" Maimuna ta tambaya.

Likita ya sunkuyar da kai. Ya rubuta ƙwayoyin rage zafi, ya ce a ba shi duk abin da ransa ke so. Maimuna kuwa ta san wa ake faɗa wa haka: wanda ba a sa ran zai tashi.

Daga tashar Tambuwal suka samu ƙaramar bas, an cushe bayanta da buhunan takin zamani na gwamnati. Kwalta ta ƙare, aka faɗa jar hanyar Kebbe. Bube ya jingina da taga ya runtse idonsa mai rai, na gilashin kuwa bai rufu duka ba, yana nan a kanta. Shekara da shekaru tana wanke idon nan a kofi, ba ta taɓa jin tsoronsa ba sai yau.

"Shina gani, kin sani," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Wa?"

"Wancan da munka rufe. In na runtse wanga, sai in ga duhu mai danshi, da fararen saiwoyi suna saukowa."

"A'uzubillahi. Malam, zazzaɓi ne. Yi shiru, mutane na ji."

Ta kau da kai, ba ta sake duban idon ba har suka sauka.

Bayan la'asar ta dama fura da nono mai kauri, ta kai masa inuwar rumbu inda ya shimfiɗa tabarma. Tun da ya fara ramewa take yaƙi da ramar: yau ƙwai, gobe man shanu, jibi romon kaza, da lallashi da faɗa sai ya ci. Abin da ta iya ke nan, shi kaɗai kuma ya rage mata.

Bube ya ture ƙwaryar da bayan hannu.

"Gonar da wuta-wuta ta kama, mi aka yi mata?"

"Malam, sha."

"A daina shuka ta. A bar ta saura, har abin shi gaji da jira shi mutu. Haka babana ya yi da gonar gabas, ta kuma dawo."

"Kai ba gona ba ne. Likita cewa ya yi a ba ka abin da kaka so, bai ce ka kashe kanka da yunwa ba."

"Likita yaro ne, kunya ta hana shi ƙarasawa." Ya kamo hannunta ya ɗora a ƙarƙashin haƙarƙarinsa. "Taɓa ki ji."

Ta ji shi. Tauri ne mai ƙulu-ƙulu, da ɗumi, yana ɗagawa tare da numfashinsa. Watan jiya bai kai haka ba.

"Duk ƙwan nan da man shanun, ni kin ga na yi ƙiba?" ya ce. "Ina suka tafi?"

Ta fizge hannunta. Ta yi faɗa, ta ce rai na Allah ne, hana kai abinci kuma haramun ne, ta ce sai ta kira liman ya ji wannan sabon karatu. Da faɗan ya ƙare sai kuka ya zo, ta ce shekara nawa suna tare bai taɓa mayar mata da ƙwarya ba, yanzu kuma da ta fi buƙatar ya sha zai fara.

Bube ya dube ta. Tausayinta ya kama shi.

"To, ya isa. Kawo."

Ya gyara zama da ƙyar, ya rufe idonsa mai rai, ya buɗe baki kamar yaro. Maimuna ta share hawaye, ta cika ludayi, ta ɗaga. Sai idonta ya sauka a kan cikin nan, yana hawa yana sauka ƙarƙashin riga, a natse, kamar mai jira.

Bube yana nan baki buɗe. Furar ta fara ɗiga a kan tabarma, hannunta kuwa ya tsaya a tsakani, ya ƙi gaba.