Ƙwaryar Hajo Mai Wankan Gawa

Sunana Hajo, a Ƙofar Durbi nake, kuma shekara ashirin da biyu ke nan ƙofata ake bugawa in mace ta rasu a unguwarmu. Wankan gawa a wurin gwaggona na gaje shi, tare da ƙwaryar da take ɗibar ruwa. Ba a biyana, ban kuma taɓa nema ba. Ɗaya abin da aka san ni da shi karatun littafi ne, amma ba na soyayya ba, don ni na wuce wai wane ya kalli wance gabanta ya faɗi. A ba ni littafin da aka kashe mutum tun a shafi na uku, ko wanda aljana ke leƙowa daga rijiya, sai in manta da tukunya a kan wuta.

Kowace Asabar bayan la'asar mukan taru a shagon Malam Gwadabe mai hayar littattafai a Ƙofar Kaura, mu bakwai ko takwas, maza a benci, mata a tabarma. Ƙa'idar ɗaya ce: kowa ya faɗi abin da ya karanta a satin da yadda ya same shi, ba yabon dole. Ni ke kawo zoɓo a jarka, mai citta da kanumfari, kuma da wuya ya kai magariba.

Haka muke har Sagir ya fitar da littafinsa. Sagir malamin firamare ne, ɗan marigayiya Hajiya Aishatu ta bayan layinmu, yaron da na sani tun yana yawo ba wando. Littafin ban tsoro ne, ya sa masa suna Baƙar Ƙwarya. A ciki akwai wata tsohuwa mai wankan gawa da ke kulle kanta da mamaciya, ta sa almakashi ta yanke mata gashi ta kai wa boka. Tsohuwar tana zaune kusa da tsohuwar ƙofar gari, tana ɗingishi da ƙafar hagu. Ni ma da ƙafar hagu nake ɗingishi tun da na zame a bakin rijiya ina budurwa. Bai sa sunana ba, kuma ba sai ya sa ba.

Littafin ya karɓu. 'Yan mata suka riƙa ɗaukar hoton shafuka suna tura wa juna ta waya, har waɗanda rabonsu da littafi tun jarrabawar ƙarshe. Cikin wata biyu mata uku suka rasu a unguwarmu, ba wanda ya buga mini ƙofa. Ta ukun ma katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ina jin salati na tashi na wanke ƙwaryata, na jiƙa ganyen magarya, na zauna ina jira. Sai ta leƙen ƙofa na ga an sauke wata mata daga Ƙofar Guga a keke. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba, ranar sai da na yi kuka. A shagon ma jarkata ta fara komawa gida yadda ta zo, kowa sai ya ce yana mura.

Ranar wata Juma'a Malam Gwadabe ya kira ni a waya. Bayan ya tambayi gida da jikoki da ƙafa da zafi, ya ce gobe littafin Sagir za a tattauna, kuma marubucin zai zo da kansa, ko zan huta wannan satin.

Na ce, "Malam, mi ya gajiyar da ni da zan huta? Sau biyu na karanta shi. Ina tahe."

Na je kuwa, da jarkata. Mutanen da suka zo sun ninka na kullum, har wasu na tsaye a bakin ƙofa. Na yi sallama na gaida kowa da sunansa, ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya samu damar kau da kai. Sagir yana kan kujerar roba kusa da kanta, da farar shadda da biro a aljihu. Ya ce, "Ina wuni, Gwaggo," idonsa a ƙasa. Na ce lafiya lau, ya ɗalibai.

Malam Gwadabe, don ya ja lokaci, ya fara da nasa. Littafin binciken kisa ne ya karanta, wanda aka tsinci gawar ɗan kasuwa a ɗakin ajiyar gyaɗa.

Ya ce, "Jami'in nan ba abin da ya iya sai shan shayi. Shafi ɗari biyu yana shan shayi, sannan mai laihin ta zo da ƙahwarta ta ce ni ce. In haka aikin yake, ni ma a ba ni kaki."

Aka yi dariya. Na ce na karanta shi, kuma ni tun da matar mamacin ta tambayi makullin sito kafin ta tambayi inda aka sa gawar na san ita ce. Wasu suka gyaɗa kai, sannan suka tuna ni ce na yi maganar, suka daina.

Sai Ramla. Ita tela ce, matashiya, mai bakin magana, kuma ita ce kan gaba wajen yabon littafin Sagir a waya. Wannan satin littafin da ke bayanin yadda ake shirya fim ta karanta.

Ta ce, "Ashe jinin nan da muke gani muna rufe ido, garin rogo ne da kala! Ni dai an cuce ni. Kuma wai in mutum ya mutu a fim, sai ya riƙe numhwashi, in ya gaza a sake. Marubucin ya cika surutu kan na'urori, amma babin mutuwar ya yi daɗi."

Daga nan ba sauran abin fakewa. Malam Gwadabe ya ɗaga Baƙar Ƙwarya sama ya ce to, bismillah. Yabo ya fara zuba. Wannan ya ce kwana uku bai iya shiga banɗaki shi kaɗai ba, waccan ta ce yanzu ko barci ba ta yi sai ta ɗaure gashinta tam. Ramla ta ce abin da ya fi tsorata ta shi ne kamar gaske. Tana faɗa ta kalle ni ta wutsiyar ido.

Na ce, "Malam Gwadabe, layi ya zo kaina."

Ya ce, "Hajo, ko a bari..."

"Ba a bari. Ƙa'idarka ce, ba tawa ba."

Na gyara zama na miƙe ƙafar tawa ta hagu a gaban kowa, don mai son kallo ya kalla da kyau.

Na ce, "Sagir ya iya ba da tsoro, wannan ba a hana mashi. Wurin da iska ke kaɗa labule ba kowa a ɗakin, ni ma sai da na waiga. Amma wanga littahi wanda bai taɓa tsayawa kusa da wankan gawa ba ya rubuta shi. Ya ce an bar gawa kwana ukku a ɗaki. A Katsina? Wadda ta cika da asuba, kahin azahar an dawo daga maƙabarta. Ya ce an tahwasa ruwa an zuba mata. Ko kaza ce za a fige? Ya ce an hwara da hagu. Da dama ake hwarawa, bayan an yi mata alwala, hannu a naɗe da ƙyalle, zane a kanta ba a yaye shi. Babbar ƙaryar kuma, wai mai wanka ta kulle ƙohwa ita kaɗai. Ba a wanka mutum ɗaya. Wa zai zuba ruwa? Wa zai tallabe a juya ta? Kullum akwai 'yar'uwar mamaciya a wurin. Duk macen da ke nan da ta taɓa zuba ruwa ta san haka, amma kuka karanta kuka yi shiru."

Wata dattijuwa a bayan tabarma ta sunkuyar da kai, don ita ta zuba mini ruwa ranar da muka wanke ƙanwarta.

Sagir ya ɗago. Daga kallon da ya yi mini na gane ba neman suna ne kaɗai ya sa shi rubutun ba.

Ya ce, "Gwaggo, na ji gyaranki. To ni ma ina da tambaya, shekara shidda tana cina. Ke kika wanke Hajiyarmu. Duk unguwa an san gashinta, har gadon baya. Ƙanwata Hafsat ta shiga yi mata addu'a kahin a rufe huska, ɗankwalin ya zame, ta ga kai ba gashi ko ɗaya. Yayar Hajiya da ta zuba maki ruwa ta rasu, ba wanda zan tambaya sai ke. Ina gashin uwata?"

Wallahi na tausaya masa. Kuma amsar tana nan a bakina, gajeriya, jimla biyu. Da na faɗe ta, da kafin isha'i an wanke ni tas daga Ƙofar Kaura har Ƙofar Durbi, da Sagir da kansa ya zo ya durƙusa. Amma kwana uku kafin Hajiya Aishatu ta cika ta aika aka kira ni, ta kori kowa daga ɗakin, ta gaya mini abin da zan tarar da dalilinsa, ta ce kada ɗiyanta su ji, kada kowa ya ji. Na ce mata to. Gwaggona ma abin da ta fara koya mini ke nan tun kafin ta bar ni in taɓa ƙwarya: abin da ka gani a bayan labule na mamaci ne, da shi ake binne shi. Ku ma da kuke karanta wannan ba zan gaya muku ba.

Na ce, "Sagir, ban taɓa sa almakashi a kan gawa ba, ba ta uwarka ba, ba ta kowa ba. Wannan kan hannuna ne, shi ya sa na hwaɗa. Abin da ya wuce haka nata ne, kuma ba za ka ji shi a bakina ba."

"Ko da mutane za su ci gaba da zarginki?"

"Su ci gaba. Ka rubuta na biyu, ka sa sunana da lambar gidana. In ba a sake kirana ba har in mutu, na ji. Amma matar da ba ta iya ɗaga hannu ta ja zanenta, ba ni zan yaye mata shi a shagon haya ba don a sha mani zoɓo."

Wani daga bakin ƙofa ya ce ai ga shi nan, ta ƙi faɗa. Na ce masa e, na ƙi, ya je ya ƙara da cewa na ƙi da ƙarfi. Na ɗauki jarkata a cike na yi musu sallama. Na bar Sagir yana ta juya biro a hannu.

Ina bakin titi ina jiran keke sai ga Ramla ta biyo ni, mayafi a karkace. Na ɗaure fuska, don na zaci saura ta kawo. Ta tsaya kusa da ni har kafaɗarmu na gogayya, ta yi ƙasa da murya.

"Inna Hajo, ni ma akwai abin da ke jikina da ban son kowa ya gani. Ko mahaihiyata ba ta sani ba." Ta waiga ta dubi ƙofar shagon. "Ran da na mutu, ke nike so ki wanke ni."

Fushin da na kwaso tun daga gida ya sauka, ya bar ni da ƙwalla. Na ce, "Ke dai akwai sakarci. Ni zan riga ki, in Allah ya so. In kina son wadda za ta rufe ki, sai ki zo ki koya, ki koya ma wata." Ta karɓi jarkar daga hannuna, ta buɗe, ta kafa kai a nan bakin titi, zoɓo na bin haɓarta.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, da hantsi, aka buga mini ƙofa. Matar ɗan Alhaji Mati na unguwarmu ce, surukarta ta cika. Ta ce a wurin ɗinki ta ji abin da ya faru a shagon Malam Gwadabe, kuma tsohuwar da kanta, da labarin ya kai mata tana kwance, ta ce in ta tafi a kira mai ɗingishin nan da ba ta magana.

Na kira Ramla na ce ta rufe shago ta same ni can, yau za ta fara zuba ruwa. Na ɗauki magarya da kafur, na ɗauko ƙwaryar gwaggona. Baƙa ce kuwa, a nan Sagir bai yi ƙarya ba, shekaru da hannuwa suka mai da ita haka. Akwai lungu ta bayan masallaci da ya fi kusa, amma ban bi shi ba. Na bi ta babban layi, ta ƙofar gidan su Sagir, ƙwaryar a hannuna ban rufe ta da mayafi ba. Yana tsaye a zaure zai tafi makaranta. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni, sannan ya jawo babur ɗinsa gefe ya ba ni hanya.