Kantar Hannun Samah

Samah ta shigo lungunsu a unguwar Utaibiyya ta Makka ranar Alhamis bayan la'asar, goye da akwatin celo. Matan da ke shiga gidan biki suka raɓe suka ba ta hanya suna bin akwatin da kallo. Sun san abin da ke ciki, wani ƙaton goge ne mai tsirkiya huɗu da ake zama a jingina shi a ƙirji a goga da baka. A unguwar gogen Samah ake ce masa, kuma ba da yabo ake faɗa ba. Ita ma ba ta ɗauke su a bakin komai ba. Ta amsa gaisuwarsu da Larabci ta haye sama.

A Makka aka haife ta, haka ma uwarta Hajiya Saudatu. Kakanninta ne suka zo hajji daga Kano suka zauna. Ta koyi celo a Alƙahira, yanzu tana koyar da shi a wata makarantar kuɗi a Jidda. Hausa kuwa sai da tsofaffi take yi, shi ma a taƙaice, tana yatsina fuska.

A makon nan aka fara babban taron kiɗa na ƙasa da ƙasa a Jidda, kuma a cikinsa an buɗe aji na musamman don waɗanda suka riga suka yi nisa a celo, makaɗa da malamai. Kowa zai hau dandamali ya yi kiɗa a gaban wata tsohuwa daga Turai, Madam Irena, ita kuma ta gyara masa a bainar jama'a. Wanda ya gamsar da ita shi zai yi kiɗa a ranar rufe taro. Samah ta riga ta gaya wa shugabar makarantarsu da iyayen ɗalibanta cewa za su gan ta ranar rufewa. Ba ta ce in Allah ya so ba sai da aka tuna mata. Ranar Lahadi ce tata a ajin.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne abin da ta gani ranar Laraba, da ta je kallo. Wani malami daga Riyad, mai furfura a gemu, ya fara kiɗa, tsohuwar ta tsayar da shi tun bai je ko'ina ba, ta yi ta sa shi maimaita wuri ɗaya har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Bayansa wata yarinya daga Kazakistan ta hau, ta kaɗa ainihin abin da Samah ta shirya. Samah ta zauna tana ji, kuma a ranar ta san yadda ya kamata kiɗan ya kasance. A jirgin ƙasa tana dawowa ta ce wa kanta ai yarinyar ba ta da zurfin ji, sauri kawai ta iya.

Ta ce ta kawo celon gida ne don ta yi bita. Ta jingina akwatin a bango, ba ta buɗe ba.

A ƙasa ana lallen Abir, 'yar ƙanwar Hajiya Saudatu. Mai gyaran jikin ita ce Zali, wata 'yar Maraɗi da ta zo umara tun da daɗewa ba ta koma ba. Ba ta da iƙama, takardar izinin zama. Daga Ka'akiyya take zuwa da jakarta, dilka da halawa da lalle da dutsen goge kaushi, kuma duk amaren dangin nan ita ta gyara su. Ta gama da amarya, ta bi ƙawaye, sai Hajiya Saudatu ta ɗaga murya.

"Samah! Sauko a yi miki, ya binti, ɗiyata. Aibu ne a ce ɗiyar gida ce kaɗai babu lalle."

Ta sauko ta zauna a kan tabarma ta miƙa hannu tana duba waya da ɗayan. Zali ta juya hannun hagun, ta shafa kan yatsun da babban yatsanta, ta tsaya.

"La ilaha illallahu. Hajiya, zo ki gani. Wannan hannun mace ne ko na mai tura keken alhazai a Mina?"

Mata suka matso. A kan kowane yatsa huɗun akwai kanta, tauri kamar ƙahon rago, da ɗan layi a tsakiya inda tsirkiya ke kwanciya. Shekaru ne suka tara ta. In babu ita, ƙarfen tsirkiya nama yake ci.

"Ga abin da gogen ya ba ta," in ji Hajiya Saudatu. "Wasu su kawo miji, ita ta kawo kofato."

Aka yi dariya. Wata gwaggo ta ce da ita ce da ta sa safar hannu a wurin biki. Abir daga inda take zaune da ƙafafu a naɗe ta ce, "Ku ƙyale ta, ustaza ce fa."

"Goge mata shi," in ji Hajiya Saudatu. "Lalle ma ba zai kama a kan wannan ba."

Zali ba ta ɗauki dutsen ba. Ta dubi Samah.

"Ɗiyata, ba da wannan kike danna igiyar ba? Mai gurmi a garinmu ba ya yarda a taɓa masa yatsa. In cire?"

Samah ta ji ta sarai. Ta san abin da zai biyo baya fiye da duk wanda ke ɗakin. Ta taɓa hana wani ɗalibinta daɗewa a ruwan wanka saboda wannan kantar. Ta ci gaba da kallon waya.

"Ke nake tambaya, ɗiyata. In cire ko in bari?"

"Yi aikinki mana, Hala," in ji Samah, tana ce mata inna da Larabci. "Halas, ya isa, kin cika surutu."

Zali ta jiƙa yatsun a ruwan ɗumi da lemun tsami, ta bar su suka yi laushi, sannan ta sa dutse. A hankali take gogawa, tana hurawa, tana dubawa. Aikinta take yi, kuma ta iya shi. Samah ta ga farin garin fata yana zuba a kan tawul. Sau da yawa Zali ta ɗaga kai ta ba ta damar janye hannun. Ba ta janye ba. Da aka gama yatsun suka fito jajir, sumul, kamar na jariri, aka zana musu lalle, mata suka ce masha Allah.

Ranar Juma'a da hantsi, ana ta ɗora tukwane, aka ji ihu daga sama. Samah ta buɗe akwatin a ƙarshe, ta danna tsirkiya, fatar ta tsage. Ta sauko da gudu ta ɗaga hannun a tsakiyar mata, jini ɗan kaɗan a yatsa biyu.

"Ummi, kin ga abin da matar nan ta yi mini? Ta kashe mini hannu! Jibi zan hau gaban mutanen duniya, ta kankare mini aikin shekara da shekaru!"

Hajiya Saudatu, wadda ita ta ce a goge, ta dafa ƙirji ta juya ta fuskanci Zali.

"Ke kuma ba ki da ido? Ba ki san wannan sana'arta ba ce?"

Zali tana tsugune tana kwaɓa dilka. Ta ce, "Na tambaye ta, Hajiya."

"Ni na san me take cewa?" in ji Samah. "Hausarta ma ba ganewa nake ba. Jahilci ne kawai, ya Ummi. Duk abin da ba su sani ba sai sun sa masa dutse."

Matan da suka ji tambayar jiya suna nan zaune. Kowacce ta sami abin yi da hannunta. Gwaggon da ta yi maganar safar hannu ta ce dama ita ta lura hannun Zali ya yi nauyi kwanan nan. Wadda ba ta da takarda ba ta ɗaga murya a gidan masu takarda. Zali ta wanke hannu, ta haɗa jakarta, ta yi wa amarya addu'a daga bakin ƙofa ta fita. Kafin a sauko daga masallaci an kira wata 'yar Sudan ta ƙarasa aikin, kuma labari ya bi gidajen dangi cewa Zali ta raunata 'yar Hajiya.

Abin da ke da wuyar warwarewa shi ne Samah ba ta jin ta yi ƙarya. Zali ce ta goge, wannan gaskiya ne. Yatsun suna zafi, shi ma gaskiya ne. Kukan da ta yi hawaye ne na gaske. Mutum yana iya tara gaskiya ƙanana ya gina ɗaki da su ya shiga ya rufe ƙofa, kuma in ka ce masa maƙaryaci zai rantse da zuciya ɗaya. Ranar ta ci abinci sosai, abin da ta kasa yi tun Laraba.

Ranar Lahadi ta naɗe yatsun da filasta, ta goya celon ta tafi Jidda. Ta ɗauke shi ne don a ga ta zo da niyya. A hanya ta shirya yadda za ta ba da labarin: unguwar tsofaffi, al'adun da suka ƙi mutuwa, mai fasaha a tsakiyar mutanen da ba su san darajarta ba. Ta san Turawa suna son irin wannan.

Mai fassara a ajin wani Ustaz Taha ne. Ya saurare ta, ya ce la haula, ya kai ta wurin Madam Irena a gefen dandamali ya mayar mata da bayani. Tsohuwar ta kama hannun, ta ɗaga filasta ɗaya ta leƙa, ta daɗe tana kallon zanen lallen. Ta yi magana gajeriya.

"Ta ce zanen ya yi kyau ƙwarai," in ji Taha. "Ta ce ki fito da celon."

"Ustaz, ba ka gaya mata ba zan iya dannawa ba?"

"Na gaya mata. Ta ce hannun daman lafiyarsa lau. Ki ɗora na hagu a gwiwa ki huta da shi. Baka kaɗai za ki ja, a kan tsirkiya, ba dannawa."

Samah ta tsaya. Wannan shi ne darasin da take ba yara a makon farko. Kuma ta san dalilin da ya sa manya ba sa son yin sa a gaban mutane: babu karkarwar yatsa da za ta rufe muryar, babu gudu, babu waƙa. Sauti ɗaya ne dogo, duk abin da ke hannunka yana fitowa a cikinsa.

Ta hau ta zauna. Zauren bai cika ba, wasu sun fita shan gahawa. Ta ɗora bakan a tsirkiya mafi kauri ta ja. A farko ya yi ƙara kamar ana jan kujera. A tsakiya ya daidaita. Da ya kusa ƙarshe sai ya fara rawa ya sirance ya mutu.

"Sake," in ji Taha.

Ta sake. Haka ya fito. Madam Irena ta zagayo bayanta ta danna mata kafaɗa ƙasa, ta kama gwiwar hannun ta girgiza, ta ɓanɓare ɗan yatsan da ya sandare a kan bakan. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da Samah ta sami abin riƙewa. Cikin taushi take magana, irin yadda ake yi wa mara lafiya.

"Tana tambaya, haka kike koya wa ɗalibanki su riƙe?"

"Ka ce mata zafin hannun ne ya ɗauke mini hankali."

Ya faɗa. Tsohuwar ta gyaɗa kai kamar ta yarda, ta ce a sake. Malamin nan na Riyad yana layin gaba, yana kallonta da tausayi, yana gyaɗa mata kai irin na ɗan'uwa. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Yarinyar Kazakistan ba ta ma ɗago daga takardun kiɗanta ba.

Da lokaci ya cika aka tafa kaɗan. Taha ya matso ya rage murya, ya ce Madam ta ce Samah ta riƙa zuwa kowace safiya kafin aji su yi aikin baka tare, ba za ta gaji da ita ba. Amma ranar rufewa ba za ta yi kiɗa ba.

Samah ta gyara mayafinta. Wannan dai tana iya ɗauka ta kai gida.

"Ɗayyib. To a sanar cewa saboda rauni ne. Shugabar makarantarmu za ta zo, gara a faɗa a fili."

Taha ya juya ya tambaya. Tsohuwar tana shafa ƙaro a bakan gogenta, ta amsa ba tare da ta ɗago ba. Ya juyo ya fassara wa Samah.

"Ta ce yatsun za su warke kafin ranar, ya ustaza. Ba don su ba ne."