Jiƙon Delu

Duk wanda ya san gidan marigayi Malam Jumare, tsohon akawun kotu a unguwar Kusfa, ya san gida ne da ciwo ya yi wa zaman dirshan. 'Ya'ya huɗu matarsa Hajo ta haifa. Amosanin jini ya ɗauke biyu tun ba su isa shiga makaranta ba. Saura Lado, wanda Allah ya tsallakar da shi, da auta Delu, wadda ta zo da ciwon ita ma.

Saboda Delu ne Lado ya nemi karatun famakoloji da ya samu shiga jami'a a Samaru, a ƙarshen shekarun 1980. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Dokta. Ya yi ta bayani cewa shi ba likita zai zama ba, karatunsa na sanin yadda magani ke aiki ne a jikin mutum, har ya gaji ya ƙyale su. Kullum da safe yakan taka zuwa Ƙofar Doka ya shiga bas, ya dawo da yamma rigarsa na warin ɗakin gwaji.

Delu siririya ce, fararen idanunta sun rine sun koma rawaya, amma bakinta ba ya ciwo. Idan jiki ya yi sauƙi takan zauna a ƙofar ɗaki tana ɗinkin hula tana tsokanar yayanta.

"Yaya, ku masu karatun magani, kun iso babina kuwa?"

"Tukuna dai, muna aji biyu."

"To ku ɗaga ƙafa. Ni fa ba mai jira ba ce."

Abin da ya riƙe gidan shi ne wata saiwa da Inna Hajo ke saye a wurin wata tsohuwa mai zuwa daga ƙauye ranar kasuwa. Takan jiƙa ta a tukunyar ƙasa har ruwan ya yi ja. Idan ciwo ya taso, Delu ta fara murƙususu tana cewa ana sara mata ƙashi, kofi ɗaya za ta sha, jim kaɗan barci ya ɗauke ta. Inna takan ce da an san saiwar nan da wuri, da ba ta binne biyu ba.

Da Lado ya shiga ajin ƙarshe, aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai. Ya ƙunshe saiwar a takarda ya kai wa malaminsa, Dokta Rufus, mutumin Wusasa, dattijo mai magana a hankali. Malamin ya jujjuya ta, ya sansana, ya saurari labarin Delu har ƙarshe.

Ya ce, "Lado, gwaji fa ba ya jin kunyar kowa. Ka tabbata kana son jin abin da zai faɗa?"

"Na tabbata, ranka ya daɗe."

A ransa gani yake aikin ya riga ya ƙare, sunan kawai ya rage a sa wa maganin. Ya tace ruwan saiwar, ya ɗiga shi a kan jinin masu ciwon, ya duba a madubin gwaji. Ƙwayoyin jinin suna nan a lanƙwashe kamar lauje, ko gezau. Ya sake, ya sake, bai ga canji ba. Sannan ya fara ɗura wa fararen ɓeraye. Ɓerayen suka riƙa sheƙa barci, wannan kam gaskiyar Inna ce. Amma da tafiya ta yi nisa sai suka daina cin abinci, jikinsu ya kumbura. Ranar da aka feɗe na farko, Dokta Rufus ya nuna masa ƙodar da tsinken ƙarfe. Ta lalace. Lado ya tsaya yana kallo, sai ya tuna tun watan jiya Delu ta daina sa takalminta, ta ce ya matse ta, ƙafafunta sun kumbura.

Ya kwana biyu yana juya maganar. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya samu Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa, ya durƙusa ya gaya mata duka. Ba ta katse shi ba.

Da ya gama ta ce, "To na ji. Me zan ba ta?"

"Ƙwayar ƙarin jini, da ruwa mai yawa, da maganin zazzaɓi. In ciwo ya taso a ba ta farasitamol."

"Waɗannan ai tun kana firamare muke ba ta. Wanda zai warkar da ita nake tambaya."

"Babu shi, Inna. Ko a ƙasar Turawa ba a samo ba."

Ta ajiye faifan, ta daɗe tana dubansa. "Duk zaryar nan da kake yi zuwa Samaru, abin da ka samo mana ke nan?"

Ta tashi ta ɗauko tukunyar, ta tuttular da jiƙon a magudanar ruwa, ta kife ta a jikin bango.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar, sanyi da sauro suka taru a kan Delu. Ciwon da ya taso mata ba ta taɓa yin irinsa ba. Ihunta har zauren maƙwabta. Aka kai ta asibiti, likita ya rubuta allurar kashe zafi, ya ce amma babu ita a nan, sai a nemo a waje. Lado ya san allurar sarai. Ya san sunanta, ya san nawa ake yi wa mai nauyin Delu, ya san hanyar da take bi a jijiya, don ya ci jarrabawa a kanta. Ya bi kemis-kemis daga Tudun Wada har Sabon Gari kafin ya samu. Aka yi mata, aka jira. Ko alamar sauƙi babu. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga kwalbar ta duba a hasken taga, ta girgiza kai, ta ce jabu sun cika kasuwa, wannan ruwa ne zalla.

Likitan ya ja Lado gefe ya ce ƙodojin sun riga sun tafi, abin da ya fi su koma da ita gida.

A gida Delu ta daina ihu, ƙarfin yinsa ya ƙare. Wata rana da hantsi ta kama hannun rigarsa.

"Yaya, don girman Allah ka bar Inna ta jiƙa min. Barci kawai nake so."

Inna tana zaune a gefen katifa, ba ta ɗago kai ba. Lado ya fita. A jakarsa akwai ragowar saiwar da ya yi gwaji da ita. Ya ɗauko tukunyar daga jikin bango, ya wanke, ya jiƙa da hannunsa. Da ruwan ya yi ja, shi ya tallafo kanta ya ba ta. Ta sha, ta yi barci har la'asar. Haka ya ci gaba da ba ta kullum, har ranar da ba ta farka ba.

Ana cikin zaman makoki aka rufe jami'a, malamai sun tafi yajin aiki. Dokta Rufus ya zo ta'aziyya, ya cire takalmi ya zauna a tabarma a zaure tare da dattawan unguwa. Da zai tafi Lado ya raka shi bakin hanya.

"Ranka ya daɗe, saiwar ce ta cinye ƙodar, ko ciwon ne? Ciwon ma ai yana yin haka."

"Yana yi. Ba za mu taɓa sani ba, Lado." Sannan Dokta Rufus ya gaya masa shi ya samu aiki a ƙasar waje, ba zai dawo ba idan an buɗe. Ɓerayen da suka rage kuma sun mutu, ba mai ba su abinci. "Ka daure ka gama. Kana da kai."

Watanni suka shuɗe kafin a buɗe. Sabon malamin da aka haɗa shi da shi ya ce babu sinadarai, babu dabbobin gwaji, kowa ya zaɓi abin da zai iya rubutawa daga littattafan laburare. Ya miƙo wa Lado wani batu. Lado ya karɓa, bai ko karanta ba ya ce ya yi.

Inna ba ta taɓa ɗora masa laifi ba. Tana ajiye masa tuwonsa, tana amsa gaisuwarsa, tana yi masa addu'ar sa'a idan zai fita. Wata rana da yamma yana dawowa daga makaranta, ya hango ta a ƙofar wani kemis kusa da kasuwa. Ta dafe goshi tana yi wa mai shagon bayanin ciwon kan da ya dame ta, shi kuma yana zaro mata ƙwayoyi kala-kala daga gwangwani yana ƙunshewa a takarda. Lado ya tsaya a bayan wani mai sayar da rake. Ta karɓa, ta yi godiya, ta ɗaure a bakin mayafi. Ya bari sai da ta sha kwana, sannan ya bi wani lungun daban zuwa gida.