Katakon Roba a Bromakoté

Shekara goma sha ɗaya Mika'ilu yana ƙera palet a Bromakoté, irin dakalin katakon nan da ake jera buhunan koko na yin cakulan a kai a bakin tashar jirgin ruwa ta Treichville. Da itacen roba yake aiki. In bishiya ta tsufa ta daina ba da ruwa, masu gona sukan sayar da ita da araha. Sai dai itace ne marar haƙuri. In ba a jiƙa shi da magani cikin 'yan kwanaki ba, sai ya yi baƙi, ƙwaro ya shige shi.

A farkon 2011 aka sauke masa tirela guda ta katako daga Dabou, duk abin da ya mallaka. A makon ne, saboda rikicin zaɓe, aka hana fitar da koko ta tashar. Babu mai neman palet.

Ya taka da ƙafa ya haye gada zuwa Treichville neman magani. Sau uku samari masu shinge suna tare shi, suna juya katin shaidarsa, suna maimaita sunansa. Ya tarar da kantin maganin a garƙame.

Kullum da safe sai ya durƙusa ya shafa katakon. Tabo mai shuɗi-shuɗi yana yaɗuwa. Daga baya ya fara ganin gari a ƙasa kamar na tuwo.

Matarsa Kande ta ce, "Malam, a faskara shi mana. Gas ya ƙare a unguwa, masu ƙyafe kifi za su saya."

"Katako ne, ba makamashi ba! Za a buɗe tashar jirgin."

Ba a buɗe ba. Harbi ya matso har bayan tashar mota.

Wata Laraba da hantsi limamin unguwa, Malam Abdulra'uf, ya shigo da jini a hannun rigarsa.

"Mika'ilu, mutum bakwai ne a masallaci. Ba mu da itacen rufe kabari."

Mika'ilu ya dubi tulin katakon. "Allah gafarta Malam, ƙwaro ya ci rabinsa."

"Zai tare ƙasa?"

"Zai tare."

Babu wuta, ga injin yankan katako a kwance. Ya ɗauko zarton hannu, Kande ta danne masa ɗaya gefen. Yana yankawa yana kuka, bai ma tsaya sharewa ba.

Kashegari liman ya dawo. Gawa goma sha biyu.