Ƙafar Fiyanon Baba Cyprian

Duk wanda ya san Taofeek a Fagge da fiyano ya san shi. Iyayensa Yarbawa ne da fatauci ya kawo su Kano suka zauna, shi kuwa nan aka yanke masa cibiya, in ya buɗe baki da Hausa ba ka ce ga inda ya fito ba. Yana da ɗan situdiyo a wani shago inda yake haɗa wa mawaƙa kiɗa, Asabar da Lahadi kuma ya saɓa ƙaramin fiyanonsa na lantarki ya tafi gidan biki. Rufin asiri dai daidai gwargwado, babu yabo babu fallasa.

Ana nan sai aka sa ranar auren ƙanwarsa Kaosarat, ita kaɗai ce mace a ɗakinsu. Taofeek ya ce shi kam ba zai yi wa bikin ƙanwarsa kiɗa da wannan ɗan fiyanon nasa ba, wanda gefe guda a naɗe yake da salatif. Ya sa riga ya nufi Sabon Gari wajen Baba Cyprian.

Baba Cyprian shi ya koya masa kiɗa tun yana saurayi. Dattijo ne da ya shekara da shekaru yana kaɗa fiyano a coci, kuma yana da wani ƙaton fiyano na lantarki, dogo, mai nauyin tsiya, sai mutum biyu sun kama yake ɗaguwa. Muryar fiyanon kuwa ba a magana. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama tsohon, hannun hagu da ƙafar hagu suka daina jin magana. Tun daga nan aka lulluɓe fiyanon da zane a kan benci, bai ƙara taɓa shi ba. Masu saye sun zo, ya kore su.

Bayan sun gaisa Taofeek ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce, "Baba, aro na zo."

"Aron me?"

Taofeek ya dubi bencin. Tsohon ma ya juya ya dubi fiyanon.

"Tun da na saye shi bai taɓa kwana a wani gida ba," in ji shi. "Amma bikin Kaosarat ne. Ɗauka. Sai dai ba shi da ƙafar da ake ɗora shi a kai, tsatsa ta cinye tsohuwar, kai za ka nemo masa. In ya faɗi, Taofeek, kada ka zo ka ba ni haƙuri, don ban san abin da zan yi da haƙurin ba. Shi kaɗai ya rage mini."

Taofeek ya fito da murna, amma kafin ya kai bakin titi murnar ta koma fargaba, domin ya tuna da Hajiya Gumsu.

Hajiya Gumsu Babarbariya ce mai sayar da turaren wuta, maƙwabciyarsu, kuma aminiyar Iya mahaifiyarsa tun suna amare. Mace ce da Allah ya yi wa jiki, tubarkalla, ga son biki. Ita ba ta san a tsaya daga nesa a watsa wa makaɗi kuɗi ba, ta ce wannan raini ne. In za ta yi liƙi sai ta taka rawa har gaban mai fiyano, ta dafa ƙarshen fiyanon da hannun hagu, ta miƙa na dama ta manna masa a goshi. A wani biki a Kwaciri haka ta yi wa Taofeek, fiyanonsa ya ɗaga ƙafa sama ya kife a ƙasa. Salatif ɗin nan aikin hannunta ne. To yau ga bikin ɗiyar aminiyarta, ita ce uwar biki. Wa ya isa ya ce mata kada ta yi liƙi? Ai wanda ya faɗa ya jawo wa gidansu gaba.

Ya kwana yana juya abin a ransa. Da safe ya yi sallama a gidanta, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Hajiya, rakiya za ki yi mini kasuwar Sabon Gari."

"Ni? Ka ga na yi maka kama da ɗan dako?"

"Ƙafar fiyano zan saya."

Ta ajiye kaskon turaren da ke hannunta, ta dube shi sama da ƙasa, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ɗan nema! Wato ni ce ma'aunin."

"Hajiya, ni ban faɗa ba."

"Ai ba sai ka faɗa ba, ɗan Iya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Jira in sako lafayata."

Suka tari adaidaita sahu, ita ta cinye kujerar baya, shi ya raɓa a gefen direba.

A layin masu kayan lantarki suka shiga shagon Nwabueze, wanda Taofeek ya saba sayen waya da sifika a wurinsa. Da jin abin da ake nema ya jawo wata ƙafa baƙa mai sheƙi, irin mai buɗewa kamar almakashi. Ya buɗe ta ƙasa-ƙasa, ya gitta katako a kai, ya haye ya zauna daram, har da girgiza jiki. Haka ake gwada kaya a kasuwar nan, ko kujera ce ko tebur, mai kaya ya hau kai ya zauna, shi ke nan magana ta ƙare. Kuma Nwabueze ba ƙaramin mutum ba ne.

"Ka gani?" ya ce. "Abin da ya ɗauke ni, wane fiyano ne zai gagare shi?"

Wallahi saura kaɗan Taofeek ya yarda. Abin ya yi masa kyau a ido, ga shi marar nauyi, a naɗe shi a rataya a kafaɗa. Amma Taofeek dogo ne, kuma a tsaye yake kiɗa. Ya ce a ɗaga ta zuwa ƙugunsa. Da aka ɗaga sai ƙafafun suka matso kusa da juna, domin haka almakashi yake, in ya yi tsawo sai ya tsuke. Akwai wani mataccen dogon fiyano a shagon da ake cire wa kayan gyara, suka kama suka ɗora a kai. Rabi da rabinsa duk a iska yake, dama da hagu.

"Bismillah, Hajiya," in ji Taofeek.

Hajiya Gumsu ta ja da baya har bakin ƙofa, ta gyara lafaya. Ba ta yarda ta yi abin a bushe ba, sai da ta ɗauko waƙar biki a bakinta, ta taho tana rangaji, ta ɗaga hannun dama kamar mai riƙe da sabbin kuɗi, ta sauke na hagu a ƙarshen fiyanon. Kafin ka ce kwabo ɗaya gefen ya yi sama. Nwabueze ya yi tsalle ya rungume shi a ƙirji.

"Mama! Ba haka ake yi ba!"

"A bikinmu haka ake yi," ta ce, ko a jikinta. "Kawo wata."

Maƙwabtan shago suka fara leƙowa. Nwabueze ya share gumi ya fito da wata mai almakashi biyu a haɗe, ƙarfenta ya fi kauri, ya rantse da abin da zai kashe shi cewa wannan ita manyan mawaƙa ke saye. Ya so ya sake hawa, Taofeek ya ce ya bar shi, zama a tsakiya ba shi ne damuwarsa ba. Aka ɗora fiyano. Hajiya ta koma bakin ƙofa ta sake tahowa, yanzu har da masu yi mata tafi. Wannan karon bai kife ba, amma ƙafar can ta ɗaga daga ƙasa, fiyanon ya zame ya nufo cikinta. Taofeek ya ji gabansa ya faɗi kamar na Baba Cyprian ne ya zame.

Nwabueze ya tsaya yana huci, ya dubi Hajiya ya dubi kayansa. Can ya shige ƙuryar shago, aka ji yana ture kwalaye, ya fito yana jan wani abu duk ƙura. Ƙafa ce mai siffar tebur, ƙafafu huɗu, kowace a kusurwarta, da ƙarafa biyu a sama da ake zarewa su yi faɗi daidai tsawon fiyano. A ƙasan kowace ƙafa akwai roba mai murɗawa, don in ƙasa ba daidai take ba.

"Wannan ta daɗe a nan," ya ce. "Ba mai so. Nauyi gare ta, ba ta da kyau."

Gaskiya ya faɗa, ba ta da kyau ko kaɗan. Aka zare ƙarafan, aka ɗora fiyano ya zauna tun daga kai har wutsiya. Hajiya ta taho ta dafa, shiru. Ta dafa da hannu biyu. Ta zagaya ɗaya gefen ta jingina ƙugunta, ta ɗan tura da gangan. Abin nan ko gezau. Masu kallo suka sa ihu.

Shi kuwa gogan naka sai ya tsaya yana ɓata fuska. Yana tunanin 'yan mata da wayoyinsu, za a ɗauke shi a bidiyo yana kiɗa a kan abin da ya yi kama da teburin mai tsire.

"Ba wata mai ɗan fasali?" ya tambaya a hankali.

"Kai ne amaryar da za ka nemi fasali?" in ji Hajiya Gumsu. "Kayan mutane ka aro. Biya mu tafi, ƙafata ta gaji."

Ya ji kunya, ya biya. Ita ta yi cinikin, kuma Nwabueze bai ji da daɗi ba.

Ranar biki bayan la'asar aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujeru, janareta na ruri a bayan katanga. Ƙasan wurin ya karkata wajen kwata, Taofeek ya durƙusa ya murɗa robar ƙafa guda har teburin ya daina motsi, sannan aka kamo fiyanon Baba Cyprian aka ɗora. Da ya sa hannu ya danna, sai da matan da ke rabon abinci suka juyo. Kai, kaya ya yi kaya! Aka fito da Kaosarat cikin leshi da ƙaton ɗauri, ta hango yayanta ta yi murmushi, shi kuma ya ji daɗin da bai taɓa ji ba tun da ya fara wannan sana'a.

Hajiya Gumsu ta zo kamar yadda aka sani, ƙamshin turarenta ya riga ta isowa. Ta dafa, ta manna masa a goshi, ta ƙara, ta kashe masa ido ta wuce. Ƙawayenta suka biyo baya, kowace da dafawarta. Fiyano yana nan inda aka ajiye shi, Taofeek ya saki jiki ya ci gaba da kiɗa.

Ana cikin haka sai adaidaita ta tsaya a bakin layi. Baba Cyprian ne ya sauko, da sanda a hannun dama, 'yarsa Ujunwa tana riƙe da shi ta hagu. Tun da ciwon ya same shi bai fita ko'ina ba sai asibiti. Taofeek ya ce a ransa, tsoho ya kasa haƙuri, ya zo duba kayansa. Ya yi niyyar tsayawa ya gaishe shi, tsohon ya girgiza kai, wato ya ci gaba.

A hankali ya ratso cikin mata yana jan ƙafa har ya iso. Bai dubi Taofeek ba. Ya sunkuya ya dubi ƙafafun nan huɗu, ya sa sanda ya zunguri ɗaya, ya sake zungura da ƙarfi. Sannan ya zagayo ya tsaya a hannun daman Taofeek, ya miƙa wa Ujunwa sandar.

"Sake ni," ya ce mata.

"Baba, za ka faɗi."

"Na ce ki sake ni."

Ta sake shi. Ya kama mataccen hannunsa da mai lafiyar ya aza a saman fiyanon, ya jingina ƙugunsa da ƙarfen, ya saki nauyinsa gaba ɗaya a kai. Tsoro ya kama Taofeek, yanzu ba ta fiyano yake ba, ta mutumin yake. Amma ƙafar ta riƙe su duka biyun, shi da kayansa.

Baba Cyprian ya ɗora yatsun dama a kan fiyanon. Da farko ya danna inda bai nufa ba. Ya tsaya, ya saurari kiɗan, ya sake shiga, sai waƙar amarya ta fito daga hannunsa tsaf. Taofeek ya janye nasa hannun daman ya matsa gefe, ya riƙe masa ɓangaren hagu. Ujunwa ta toshe baki da hannu tana kuka. Shi ma Taofeek hawaye ne ke zubo masa, na farin ciki da na tausayi, ya rasa hannun da zai share.

Tsohon bai ɗago kai ba, ya ɗan karkato ya yi magana ta gefen baki.

"Kana sauri. Rage, ka jira ni."

Taofeek ya ce, "To, Baba." Ya rage, suka tafi tare.