Hannun Rigar Hagu

"Naɗe hannun rigarka," in ji tela.

"Kafaɗa za ka auna ko dantse?" na ce masa.

"Jini zan fara aunawa, sannan kafaɗa. Doka ce a shagon nan yanzu."

Yadina na kan teburinsa, ruwan toka, kamu biyar. Kusa da almakashi ya ajiye wata na'ura mai igiya da 'yarsa ta kawo masa daga asibitin da take aiki. Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, ni na gina ta da hannuna, amma ban taɓa jin ya yi mini magana da wannan murya ba.

"Ni magini ne," na ce. "Bulo nake ɗauka tun kana koyon zura zare. Kaina ba ya ciwo, idona ba ya juyawa. Me za ka auna?"

"Nawa kan ya yi ciwo ne? Dubi ƙafafuna."

Ban so dubawa ba, amma na duba. Sun kumbura sun cika silifas, har ba ya iya taka keken ɗinki sai ya huta sau uku kafin ya gama kalmasa ɗaya. Likita ya gaya masa hawan jini ne ya yi shekaru yana cin zuciyarsa shiru, har ta gaji da bugu. Da can an ba shi ƙwayoyi, ya sha wata biyu, ya ji garau, ya watsar. Ga zaman yini guda a kan kujera, ga gishirin da yake barbaɗawa tun bai ɗanɗana miya ba, ga tabar da yake ɓoyewa a aljihun keke yana zaton ba mu sani ba.

"Ba ni yadina, in kai wa wani."

Ya ɗora gwiwar hannu a kai. "Zo ka ƙwata, tsohon banza. Ka ga ko ba za a ce ka bugi majinyaci ba."

Na fita ina huci. Ni ba a yi mini dole.

Sauran mutanen layi kuwa duk sun miƙa wuya. Direba ya zo ɗinkin wando, aka auna shi, washegari sai ga shi a asibiti. Mai shago ta zo rage zane, tela ya ce mata, "Naki ya yi kyau, amma ki rage man nan da kike zubawa kamar za ki yi wanka da shi." Ta zage shi tas, ta kuma dawo bayan mako a sake aunawa. In lambar ta hau, ba ya yi wa kowa likitanci. Sai ya ce, "Ni tela ne. Je ka ga masu abin, kuma in sun ba ka magani kada ka yi irin wautata."

Ni kaɗai na rage. Kullum da safe in na wuce sai ya ɗaga murya: "Magini! Yadinka na gaishe ka!"

"Ka ce ina amsawa."

Da jiki ya ƙi, aka mai da shi ɗaki. Na shiga duba shi ranar wata Talata da hantsi. An tokare shi da matasai uku domin ba ya iya kwanciya, numfashi yana fita da ƙyar. Ƙwayoyinsa na jere a kan faranti, yanzu ba ya tsallake ko ɗaya.

"Ka zo awo?" ya ce.

"Na zo gaisuwa."

"Taurin kai dai. Ka gina wa mutane gidaje, ka san katanga ba ta faɗuwa ranar da ta fara tsagewa."

Na gyara masa matashi, na ce Allah ya sauwaƙe.

Ranar Alhamis bayan azahar na ji kukan matarsa ta bayan katanga. Na ajiye cokali, na san tela ya cika.

Bayan kwana tara 'yarsa ta yi sallama a ƙofata, da ƙunshi a hannu ɗaya, na'urar a ɗayan.

"Baba, ga saƙonka. Ya ɗinka tun kafin ya kwanta. Ya ce awonka yana kansa, bai taɓa buƙatar tef ba."

Na warware. Rigar ta zauna mini cif, wuya da kafaɗa da tsawo. Sai dai hannun hagu ya fi na dama faɗi, kuma ya tsaga shi har sama da gwiwa, ya sa maɓalli uku.

"Wannan fa? Idonsa ya lalace ne?"

"Ya ce don kada ka ce rigar ce ta hana ka naɗewa."

Na daɗe ina kallon maɓallan. Ɗinkin na ukun ya ɗan karkace.

Na jawo kujera na zauna. Na ɓalle na farko, na ɓalle na biyu.

"Ɗaura, 'yata," na ce. "In ya hau, gobe ki raka ni asibiti."

Ta naɗa mini abin a dantse, ta danna. Ya fara matsewa a hankali, muna jiran lamba.